Likita Ya Hana Ni Maganaɗisu

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya mai ɗakinka da 'yan jikokina? Tela maƙwabciyata ce take rubuta min, don kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Katin ya iso. Ta karanta min, wai za a karrama ka saboda takardar ƙirƙira ta tara da hukuma ta ba ka, cewa abin nan mai jin maganaɗisu kai ka ƙago shi, ba mai kwaikwaya sai da izininka. Allah ya ƙara ɗaukaka. Amma ni ba zan zo ba. Ƙafa ce ta matsa min. Kada ka ja maganar.

Innarka.

*

Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yau mai kemis ne ke rubutu, Tela ta ce ba da hannunta za a ƙara yin ƙarya ba.

Saƙonka ya ƙona min rai. Wai ban taɓa ɗaukar aikinka a bakin komai ba? Ni? Rediyo nawa ka farke min kana ciro baƙin ƙarfen nan, ina rufa maka asiri wurin babanka? Shekara ashirin da biyu kana kamfanin nan, takardunka takwas na sa an yi musu gilashi. Ko ɗaya ban iya karantawa ba, amma kullum sai na goge su.

To, ji gaskiya, ba ƙafa ba ce. Watan da ka tafi wani taron aikinku na yanke jiki na faɗi, aka sa min batir a ƙirji mai riƙe bugun zuciya. Ni na hana ƙanwarka gaya maka. Likita ya ce in yi nesa da maganaɗisu. Ni kuwa shi na haifa! Kai da kake wuni a cikinsa, ai ya gama shiga jikinka. Shi ya sa zuwanka na ƙarshe na zauna a bakin ƙofa, na ƙi ka kama hannuna. Ka tafi da fushi, na yi kwana uku abinci bai wuce min ba. Takardun ma na sa an kwashe su zuwa shagon Tela.

Mai kemis dariya yake yana rubutu. Ya yi ta yi, ai ba ƙirjinsa ba ne.

Innarka mai kewarka.

*

Injiniya,

Ina gaisuwa, ya jikin ƙaramar jikata? Ƙanwarka ce da biro, tana tura baki saboda faɗan da ka yi mata. Ƙyale ta, laifina ne.

Bayaninka shafi uku ta karanta min, kaina ya ɗau zafi ban gane komai ba. Wai abinka ji kawai yake, ba ya ja. Likita ma ya ce mutum ba ya ɗaukar maganaɗisu a jiki. Duk bakinku ɗaya, 'yan boko.

Ɗan akwatin da ka aiko, mai kuka in ya ji maganaɗisu, na zaga gida da shi. Ƙofar firji ta sa shi kuka. Rediyo kuka. Har maɓallin jakar da nake ratayawa! Wannan ne kwanciyar hankalin da ka ce zan samu? Ashe ina zaune a tsakiyarsu ina gudun ɗana. A kan takardunka kuwa shiru ya yi, na sa an mayar da su bango.

Zan zo. Amma ka tsaya min a bakin ƙofar taron, kada ka rugo. Sai na ɗora maka akwatin a ƙirji tukuna, ko manyan kamfaninku na kallo. In ya yi shiru, ka riƙe hannuna har kujera.

In kuma ya yi kuka, to ka riƙe dai. Na gaji.

Innarka.