Kwano Mai Tozo

Dutse, ranar Laraba.

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna, yaya shanu? Mu ma lafiya lau, matata Hindatu tana gaishe ku.

Ƙanena Mu'az ya kawo saƙonku, cewa in je in ba shugaban 'yan awo haƙuri a mayar mini da rumfata. Baffa, ku gafarce ni, rabin labarin aka kai muku.

Da tallafin gwamnati ya fara shigowa wayoyin mutane, kasuwa ta cika kamar jajibirin salla. Ba wajen masu atamfa aka nufa ba, layin hatsi aka yi wa tsinke. Wata gyatuma daga Kiyawa, wadda na saba auna wa rabin kwanon gero, ran nan ta zo da buhu, har da ɗan dakonta, tana ta washe baki.

Kashegari shugaba ya tara mu. Wai kada a ƙara farashi, ido na kanmu. A dai riƙa shafe bakin kwano, a daina tozo, a daina gyara. Wai ai kuɗin banza ne, ba guminsu ba. Kowa ya gyaɗa kai, har masu saje da carbi. Ni kuwa raina ya ɓaci, na tashi na koma na ci gaba da awona yadda na saba. Layi ya dawo gabana, nasu ya bushe. Shi ne laifin da aka rufe mini rumfa a kai.

Yanzu a bakin titi nake, ƙarƙashin darbejiya. Rana na dukana, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina tsoron damina. Haƙurin da ake so in bayar kuwa sharaɗinsa ɗaya: in shafe kwano.

Baffa, kwanon nan naku ne. Ku kuka kama hannuna ina yaro, kuka ce a zuba har sai ya zubo, sannan a ƙara da tafi. Ban taɓa ƙin maganarku ba. In kuna so in shafe shi, ku aiko Mu'az ya karɓi kayanku, in nemi wata sana'ar. Muddin yana hannuna, da tozo zan auna.

A gaida Inna, a sa mu a addu'a.

Ɗanku,
Yahuza