Suna na Goma Sha Biyu

Madabo, Kano
Ranar Talata

Zuwa ga 'yata Sa'ida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya Gusau? Ya ƙarin haƙurinmu? Malama Turai maƙwabciyarmu ce take rubuta min, ni ina faɗa.

Yau kwana tara da rasuwar babanku, ko ƙeyarki ban gani ba. Tun da ciwo ya kwantar da shi, ƙaninki Nazeer ya haɗa min wani abu a waya, tunda ban iya kira ba. Wuri ɗaya zan danna, saƙo ya tafi wa dangi gaba ɗaya. Ni da bakina na ce ya sa sabuwar lambarki, kuma a gabana ya sa. Ran Lahadi da Malam ya fara kiran sunanki, na danna. Kowa ya zo, har Gwaggo da sai an riƙe ta. Shi kuwa duk wanda ya ɗaga labule sai ya juyo da kai. Na ce masa kina hanya. Kafin La'asar ya cika.

Na san ya gaya miki magana mai zafi shekara biyu da suka wuce. Amma Sa'ida, har a bakin mutuwa? Yayyenki sun rantse ba mai kiranki. Ni tsoro nake ji, kada nima in tafi ina kallon labule.

Ki gaida yara.
Mahaifiyarki,
'Yardada

Madabo, Kano
Ranar Alhamis

Sa'ida 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Takardarki ta zo tun ran Lahadi, Malama Turai ta karanta min sau uku. Kin ce ba saƙon da ya zo miki, a takardata kika fara jin rasuwar ubanki, kuma cire ki muka yi da gangan. Wallahi ba haka ba ne. Ki yafe min abin da na faɗa.

Nazeer ya buɗe kwamfutarsa ya duba. Na sa ya yi ta maimaita min har na gane. Wai a yaren da yake rubuta wa na'urar umarni da shi, in ka miƙa jerin sunaye ga ɓangaren da ke aika saƙo, jerin ba ya tafiya da yawansa. Farkonsa kawai ake nuna masa, yawan kuma sai ka faɗa daban. Kamar ki nuna wa mai rabon tuwon sadaka farkon layi, ki ce mutum goma sha ɗaya ne. Zai ba goma sha ɗaya ya juya, bai san akwai wata tsaye a baya ba. Da can dangi goma sha ɗaya ne a jerin. Da ya ƙara sunanki a ƙarshe, ya manta bai gyara yawan ba. Abin bai yi ƙara ba, bai nuna komai ba, ya ce saƙo ya tafi.

Sunanki na nan, Sa'ida. Ya ɗora yatsana a kai, ko da yake ban iya karatu ba.

Yanzu yaron nan ne tashin hankalina. Kwana huɗu ke nan yana ɗaki a rufe, abincin da na aika haka yake dawowa. Cewa yake shi ya sa Malam ya tafi da baƙin cikinki. Na ce ƙaddara ce, yayyenku ma sun faɗa, ba ya ji. Jiya na ji kukansa ta bango, irin wanda ko ranar jana'iza bai yi ba. Daga bakinki kaɗai zai ji.

Kin san takaba nake, ba halin in fita, da na hau mota na zo da kaina. Don Allah ki zo, kada ki jira sadakar arba'in. In kin shigo, kada ki fara da ɗakina, ni zan iya jira. Ki fara buga ƙofarsa.

Allah Ya kawo ki lafiya.
Mahaifiyarki mai jiranki,
'Yardada