Hannun da Aka Ɗaure

Whalley Range, Manchester

Gwaggo Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya Yaya Harun da mutanen gida? Mu duk lafiya, makaranta ma alhamdu lillahi, sai dai kwana biyu ke nan na kasa zama wuri ɗaya.

Kin san Baba ya sa ni a kulob ɗin harbi, inda muke auna takarda da ƙaramar bindigar iska. Kullum harbina gefe yake kaucewa, har kunyar ɗauko takardata nake ji. Ran Talata mai koya mana, Malama Margaret, ta sa na haɗa tafukana na bar 'yar kafa, na leƙi agogon bango ta cikinta. Da na rufe idon hagu sai agogon ya ɓace. Ta ce, "Yusra, da idon hagu kike saiti. Anya ke ba bahaguwa ba ce?" Na sunkuyar da kai. Ban faɗa mata ke kika riƙa ɗaure min hagun da kallabi ina ƙarama ba.

Na gwada da hagu, Gwaggo. Harbi biyar duk cikin baƙin da ke tsakiyar takardar, hannun ko rawa bai yi ba.

Ran Asabar akwai gasa a Birmingham. Malama Margaret ta tambaye ni hannun da zan yi harbin da shi, na ce sai na ji daga gida. Don Allah ki sa Yaya Harun ya kira ni kafin Juma'a. Abinci dai da dama nake ci, da ita ma na rubuto miki wannan.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Yusra