Rasuwar Malam Danda, Mai Gadin Goribar Gulbin Kaba

Cikin alhini da miƙa lamari ga Ubangiji, Ƙungiyar Mata Masu Saƙar Kaba ta yankin Mayahi ta samu labarin rasuwar babanmu kuma jagoran baƙinmu, Malam Danda Cha'ibu, wanda Allah Ya yi wa cikawa bayan jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk wanda ya tashi a bakin Gulbin Kaba ya san lokacin da goriba ta kusa ƙarewa, domin muna yankar kaba tun tana ƙasa ba mu barin ta ta yi tsawo. Marigayi ne ya bi mu gida-gida yana roƙo, cewa a kowane gungu a bar tsiro ɗaya, a ɗaura masa tsumma, kada wuƙa ta taɓa shi. Mun yi masa dariya, muna ce masa mijin goriba, shi kuma ya kan ce ai ita ba ta yi masa yaji.

Da itatuwan suka miƙe, sai baƙi suka soma zuwa, ɗaliban Maraɗi da Yamai, har da Turawa a shekarun kwanciyar hankali. Ya kan zaga da su a amalanken shanu, ya nuna masu sheƙar tsuntsaye, kowane baƙo ya zaɓi tsironsa ya ɗaura tsumma da hannunsa, su dawo su zauna a inuwa su sayi tabarmi da faifai. Da wannan cinikin da yawanmu muka riƙe 'ya'ya a lakwal, wato makarantar boko.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa Inna Tanna, da 'ya'yansa Inusa da Zakari, da mai girma hakimi da dukan jama'a. Allah Ya ba su juriya, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna makoma.

Ku yi mana afuwar magana a cikin makoki, amma girbi ya ƙare, masu yankan kaba na nesa sun kusa sauka, ba su san ma'anar tsumma ba, kuma ba mai zagayawa. Muna roƙon iyali su sanar da mu, kafin ranar addu'ar arba'in, ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa zai karɓi gadin. In babu, mu mata za mu fita da kanmu.

Hindu Sharifu
Mai magana da yawun ƙungiya