Muryar Matata Tana Cikin Kaset ɗin Ofis, Kuma Ni Aka Ce In Ƙona Shi

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, garinmu ƙarami ne, ko tari mutum ya yi ana gane shi. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan, ban taɓa zaton ni ma zan rubuto ba, amma abin ya cika mini ƙirji kuma ba ni da wanda zan zauna da shi in faɗa wa. Don Allah ku karanta har ƙarshe ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ni ma'aikacin kwamfuta ne a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin lafiyar mata da yara, ba zan faɗi sunanta ba. Ofishinmu yana Tambuwal, muna da ƙarami a Kebbe. Bari in ɗan yi bayanin aikina don ku gane inda matsalar take. Duk abin da ma'aikata sunka ajiye a kwamfutocinsu yana taruwa a babbar kwamfuta guda, a gefenta akwai wata na'ura da ke kwafe komai da kanta tana zubawa a kaset, ba irin kaset ɗin waƙa na da ba, wannan mai kauri ne kamar sabulun wanki. Na'urar ba ta jiran kowa ya taɓa ta, amma ba a sakin jiki da ita, don tana iya nuna koriyar wuta alhali abin da ta kwafa ya lalace. Shi ya sa duk bayan 'yan watanni nake bin diddigi, in karanta rahotonta, in goge mata ƙura, in kwashi kasusuwan da sunka cika in kai Kebbe a kulle a kabad ɗin ƙarfe, saboda ko gobara ta tashi a Tambuwal kada a rasa komai. A can kuma sai in zaro tsohon kaset guda in dawo da abin da ke ciki kan kwamfuta, in buɗe wasu fayil in tabbatar suna buɗuwa. Aikin ke nan. Ɗakin da nake zama ba taga, sanyin na'ura da ƙararta kawai, ba mai leƙo ni sai in firinta ta ƙi aiki.

A ofishin nan na haɗu da matata, zan kira ta Hajara, ba sunanta ba ne. 'Yar wajen Jabo ce. Aikinta shiga ƙauyuka da 'yar rikoda, ta zauna da mata ta yi hira da su a kan ciki da haihuwa, daga baya wata ma'aikaciya ta saurara ta rubuta rahoto. Mace ce mai surutu da dariya, ni kuma ba ni da yawan magana, ita ke cika gidan. Allah ya ba mu ɗiya guda. Yarinyar ta fara tafiya ke nan, cikin damina, zazzaɓi ya kama Hajara, kafin mu gane abin da ake ciki Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta.

Bayan rasuwar yayata da ke aure a Dogon Daji ta ɗauki yarinyar, don ni ba zan iya da ita ba ga aiki. Ina zuwa ganinta ƙarshen mako. Sauran kwanakin daga ofis sai gida, in sayi tuwo a leda in ci a tsakar gida, in kunna rediyo don dai a ji motsin mutum. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba a daɗe da rasuwar ba wayata ta zame daga aljihu ina kan mashin a hanyar Kebbe, ta faɗa ruwa, duk saƙonnin muryar da Hajara ke turo mini sunka tafi da ita. Wayarta kuma danginta sunka ba ƙanwarta, ta goge komai kafin in tuna in tambaya. Ni da ake biya don kada ƙungiya ta rasa ko takarda guda, ban ajiye nawa ba. Hotuna na samu wajen mutane, amma murya babu. Har na kai in rufe ido ina neman yadda take kiran sunana, sai in ji abin yana guje mini.

Bara na je Kebbe duba kasusuwa kamar kullum. Na zaro wani tsoho, ban zaɓa ba wallahi, hannuna ne ya faɗa kansa. Na dawo da abin da ke ciki, na buɗe takardu biyu lafiya lau, sai na ce bari in gwada na sauti guda, na sa iyafis a kunne na danna. Sai na ji an ce, "Salamu alaikum Inna, ina wuni? Kada ki ji tsoron wagga 'yar na'ura, ba ta cizo." Sai dariya. Dariyar Hajara.

Jama'a ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na cire iyafis ɗin na ajiye, na tashi na kulle ƙofa, na dawo na zauna a ƙasa. Ranar da anka binne ta ban yi kuka ba, mutane har yaba mini suke, amma ranar nan a ɗakin ajiya na Kebbe na yi kukan da ban san ina da shi ba. Sai da na ji kiran sallar la'asar na wanke fuska na fito, ma'aikatan can sunka tambaye ni lafiya, na ce mura ce.

Tun daga lokacin duk zuwan da zan yi sai na sa kaset ɗin nan. Ina gwada wasu kamar yadda doka ta ce, ban yi wasa da aikina ba, amma in na gama sai in zaro shi. A da tafiyar Kebbe ita ce abin da na fi ƙi, hanya ga gajiya, yanzu kuwa tun ana saura mako nake jin wani iri, in wanke kaftanina in goge, in sa turare, kamar mai zuwa zance. Ina jin kunyar rubuta wannan amma gaskiya ce. Ba wanda ya sani, a ofis suna cewa na fi kowa son aiki.

To ga inda abin ya fara damuna. Hirar nan ba da ni take yi ba, da wata mata ce daga wani ƙauye a wajen Fakku, ban san ta ba, ban san fuskarta ba. Matar tana faɗa mata wata lalura da ta same ta bayan haihuwa, irin wadda ko mijinta ba ta faɗa wa ba. Da farko ta ƙi magana, sai Hajara ta rage murya ta ce mata, "Wallahi Inna babu namijin da zai ji wagga magana, daga ni sai ke sai mai rubutawa, ita ma mace ce." Da jin haka matar ta saki jiki. Na yi ƙoƙarin tsallake wuraren da matar ke magana, ba ya yiwuwa, maganarsu a sarƙe take, wannan ta faɗa wannan ta amsa. Ke nan namijin da matata ta rantse ba zai ji ba, ni ne, kuma ba sau ɗaya ba. Duk ranar da na saurara sai in dawo Tambuwal da daɗi da nauyi a haɗe, in yi istigfari in ce na daina, watanni na zagayowa in koma.

Ana cikin haka sai umarni ya zo daga hedikwata, za a daina amfani da kaset, ajiya za ta koma ta intanet. Takardun aiki za a kwashe, amma tsofaffin hirarrakin mata ba za a kwashe ba, don an yi musu alkawari tun farko cewa in an gama rahoto za a shafe muryoyinsu bayan wani lokaci, lokacin kuma ya wuce. Za a fasa kasusuwan a ƙona a gaban shaidu. Ogana ya kira ni ofishinsa, mutumin kirki ne dattijo, shi ya tsaya a kan komai lokacin rasuwar Hajara. Ya ce mini ni zan jagoranci ƙonawar, don a duk ofishin ni ne wanda bai taɓa jin ɗar a kansa ba game da amana. Na ce to ranka ya daɗe, na fito.

Na rasa wanda zan faɗa wa sai na faɗa wa Yaya. Ban ji da daɗi ba. Ta ce dama ta san akwai abin da ya hana ni sake aure, ashe kaset na aura, ta ce na hana baiwar Allah kwanciya na hana kaina rayuwa, mamaci addu'a yake so ba a zauna ana jin muryarsa ba, yarinya kuma uba mai rai take buƙata, ba wanda ke zuwa ya zauna shiru yana kallon bango ba. Raina ya ɓaci na faɗa mata maganar da bai kamata ba, na ce ita mijinta na nan da rai shi ya sa take ganin abin da sauƙi. Ta tashi ta shige ɗaki. Sai da na koma da goro na ba ta haƙuri a gaban mijinta, ta yafe, amma har yau maganar ba ta sake haɗa mu ba, kuma na san cikin abin da ta faɗa akwai gaskiya.

A zuwan da na yi ba da haƙurin ne ɗiyata, wadda yanzu ta shiga Islamiyya bakinta ya buɗe, ta hau cinyata tana wasa da maɓallin rigata, ba zato ta ce, "Baba, Mamata irin maganar Gwaggo take yi?" Na ce a'a. Ta ce, "To irin ta wa?" Yaya tana bakin murhu ta ji, ba ta juyo ba, amma na ga ta sa gefen zane ta share ido.

Makon da ya wuce na je Kebbe zuwan ƙarshe kafin ƙonawa, don in jera kasusuwan a kwali. Na ce bari in saurara har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba, kullum ina tsayawa a inda sunka yi sallama. Ashe bayan matar ta fita Hajara ta manta ba ta kashe rikodar ba. Ana jin ta tana tattara kaya, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, akuya na kuka a waje, sai ta ce wa kanta, "Bari in yi sauri, na baro mai gida da yarinya, shi ko goyo bai iya ba." Ta ambaci sunan ɗiyarmu, ta yi dariya, sai rikodar ta mutu. Ɗan guntu ne, ko tsawon alwala bai kai ba. Babu muryar kowa a wurin sai tata.

Wannan guntun shi nika so, ba komai ba. Kwafe shi a 'yar filas ta kwamfuta ba zai ɗauke ni lokacin shan shayi ba, kuma ba wanda zai gane, don ni ne mai duba rahoton da ke nuna wa ya taɓa me. Wannan ɗin ne ma ke ba ni tsoro, an ba ni makulli ne saboda an san ba zan yi haka ba, kuma na sa hannu na yi alkawari ba zan fitar da komai daga ofis ba. In kuma na je na faɗa wa oga gaskiya, dole ya tambaye ni yadda anka yi na san abin da ke ƙarshen hirar, dole in ce na daɗe ina sauraron sirrin matar mutane. An taɓa sallamar wani a ofishinmu a kan abin da bai kai wannan ba. Ko oga ya tausaya mini ba shi ke da magana ta ƙarshe ba, hedikwata ce, kuma da aikin nan nake riƙe da ɗiyata da mahaifiyata. Wani lokaci kuma sai in ce wa kaina Hajara da kanta ta yi wa matar nan rantsuwa, ƙona kaset ɗin shi ne cika mata alkawarinta, wataƙila shi ne abu na ƙarshe da zan iya yi mata a duniya. Sai in tuna tambayar yarinyar nan, duk lissafin ya rushe.

Ƙarshen watan nan za a yi ƙonawar, a bayan ofishin Kebbe, kuma ni zan kunna ashanar.

Don Allah jama'a, musamman malamai da waɗanda sunka taɓa rasa abokin zama, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. Guntun nan da babu kowa a ciki sai matata tana ambaton 'yarta, na ofis ne ko na marainiyar da ba ta san muryar uwarta ba? In kwafa in yi shiru in nemi gafarar Allah? In tunkari oga in faɗi komai, in ɗauki duk abin da ya biyo baya? Ko in danne zuciyata in ƙona, in ta girma ta sake tambaya in ce mata na manta?

Zan karanta duk abin da kunka rubuta ko ban amsa ba. Wanda ba shi da shawara, ya sa Hajara a addu'a, ya sa da matar nan ta wajen Fakku, don ita ma ina da haƙƙinta a wuyana kuma ban san inda zan same ta in roƙi yafiya ba.