Wanda Ya Goya Inna

Kolere, Mubi
9 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga Yaya Na'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya Kano? Inna tana gaishe ki, ƙafar ta ɗan yi sauƙi.

Na zaɓi takarda ne don in na kira ki a waya, zagi kawai za ki ji.

Wata ƙungiya ta 'yan boko ta fara shirya lacca duk Asabar a nan garin. Marubuta za su yi magana, da masu girki, da masana al'ada. Shugabansu Alhaji Ɗanjuma ne, mai shagon taya, wanda ban taɓa ganin littafi a hannunsa ba. Ni suka ba aikin dafa abincin baƙi, shi ya sa jiya na tsinci kaina a bakin ƙofar ɗakin taron.

Kin san wa ya buɗe laccar? Munzali ɗan Malam Bakari tela. Yanzu Dakta ake ce masa. Ya sa babbar riga da tabarau, yana jan Hausa kamar ba a Kolere aka yanke masa cibiya ba. Wai ya rubuta littafi a kan shekarar gudu, lokacin da 'yan bindiga suka shigo Mubi muka watse. Ya karanta wani wuri da Turanci, ya fassara. Ya ce shi da kansa ya goya wata tsohuwa mai karyayyar ƙafa, daga Sahuda har cikin Kamaru, kwana biyu. Ya faɗi zanenta mai ruwan ƙasa. Ya faɗi yadda take roƙonsa ya ajiye ta ya tsira. Ya cire tabarau ya share ido, mata suna ta kuka.

Yaya, Inna ce. Maganarta ce kalma da kalma. Shekara biyu da suka wuce ya zo gida da wayarsa, ya ce tarihi yake tarawa, Inna ta zauna ta ba shi komai har da fura. Kuma kin fi kowa sanin inda yake a shekarar gudu: yana jami'a a Kano, yana cin tuwo a gidanki.

Wanda ya goya Inna yana nan da ransa. Baba Philemon ne, manomi daga ƙauyen Mugulbu, wanda bai san mu ba sai a hanya. Ni ina riƙe da 'ya'yana biyu a bayansa, ina ganin jini a dugadugansa. Ko sunansa babu a littafin.

Aka tashi cin abinci. Na zuba wa Dakta shinkafa, ya ce in ƙara nama.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Khadijatu

Kolere, Mubi
19 ga Fabrairu, 2025

Yaya Na'ima,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji saƙonki, cewa in bar shi da Allah. Na so in bi maganarki, su ne ba su bar ni ba.

Asabar da ta wuce masanin al'ada suka kawo daga Yola. Awa biyu yana koya wa 'yan ƙabilar Gude yadda Gude suke aure, tsofaffinsu suna zaune suna kallonsa. Ya kasa faɗin sunan ƙauye ɗaya daidai. An tafa masa sosai, don an ga ya gama.

Asabar mai zuwa ta girki ce. Sun gayyato wata kuku daga Abuja mai farar hula, sun buga hotonta a kowane bango. Shekaranjiya ta aiko cewa hanya ba ta da kyau, ba za ta zo ba. Sai ga Alhaji Ɗanjuma a rumfata, yana murmushi. Wai in zo in yi wa jama'a bayanin abincin gargajiya, minti ashirin, kada in tsawaita, kuma in sa kaya masu kyau. Shekara goma sha takwas ina ciyar da kasuwar nan, sai da baƙuwa ta ƙi su suka tuna ina da baki. Na ce to.

Labari ya kai wa Munzali, don na riga na faɗa wa matan layinmu abin da na sani. Jiya da la'asar ya zo gida da turmin atamfa na Inna. Ya durƙusa, abin da bai yi ba ranar da ya zo da waya. Ya ce mini, "Anti, ba ki gane adabi ba ne. In marubuci ya ce ni, ba lallai shi ba ne." Na tambaye shi, to hawayen da ya share, na wane ne? Ya ce littafin zai kai sunan Mubi waje, kada in ɓata abin alheri saboda manomi ɗaya da ko karatu bai iya ba.

Inna ba ta dube shi ba. Da ya fita ta ce a mayar masa da atamfarsa, kuma in aika Mugulbu a ce Philemon da matarsa Elizabet su zo ranar Asabar, tana son ganinsu.

Ki sa ni a addu'a. Tsoro nake ji, ban taɓa riƙe makirfo ba.

Taki,
Khadijatu

Kolere, Mubi
24 ga Fabrairu, 2025

Yayata Na'ima,

Ina gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya. An yi, an gama.

Ranar Asabar na hau dandamali da tukunya ɗaya. Munzali yana layin gaba kusa da shugaba. Na ce abincin da zan koya musu ba shi da mai, ba shi da gishiri: ɗanyar gyaɗa da ganyen yakuwa, a dafa a gwangwani. Na ce shi Elizabet ta dafa mana a daji bayan Sahuda, ta fara ba Inna kafin 'ya'yanta. Sannan na ce tsohuwar cikin littafin Dakta uwata ce, ga ta can a kujerar baya, wanda ya goya ta kuma ga shi kusa da ita. Na faɗi sunan unguwarku a Kano, inda Dakta yake a lokacin.

Alhaji Ɗanjuma ya sa aka kashe lasifika, na ƙarasa da bakina, kin san muryar kasuwa. Matan da suka yi kuka ranar laccarsa suka juya suna kallon Munzali. Ya tashi ya fara maganar adabi, wani tsoho ya ce masa ya zauna. Ya fita ta ƙofar gefe, ya bar littattafansa a tebur.

Baba Philemon bai ji daɗi ba. An ce ya miƙe, ya ƙi. Ya sunkuyar da kai har aka watse, na ji kunya ta kama ni. A gida ya ce mini, da Hausarsa, "Khadija, ban ɗauki Mama don a tafa mini ba. Shi yana kwance a hanya, ni ina wucewa, shi ke nan." Na ba shi haƙuri. Inna ta riƙe hannunsa har ya gama shan fura.

Ƙungiya ta karɓe aikin abinci daga hannuna, wai na ci mutuncin baƙo. Bai dame ni ba, su je su ci na Abuja.

Jiya Munzali ya aika Mugulbu, wai zai sa sunan Philemon a bugu na biyu, a shafin godiya, in dai ya yarda ya ce tare suka yi goyon, suna karɓa-karɓa. Elizabet ce ta kawo mini amsar yau da safe, tana dariya. Baba ya ce ya yarda. Yana da buhun masara shida da zai fitar ranar kasuwa, Dakta ya zo ya goya ɗaya daga rumbu zuwa bakin titi, jama'a su gani, sai a rubuta.

Har yanzu ba mu ji daga Dakta ba.

Ki gaida maigida da yara. Inna ta ce ki zo kafin azumi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Khadijatu