Amyar Baba Ba Ta Cika Sharaɗi Ba

Ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mai gidanki da yara. Ya ƙafar ƙaramar, ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau.

Albishirinki, Yaya Babba ya samu masu sayen zuma a ƙasar waje. Tun ranar ya daina amsa Yaya, sai Manaja, har matarsa haka take kiransa in da baƙi. Ni ma digirina ya yi rana: ni ke karanta masa sharuɗɗan da suka aiko, ina fassarawa yana gyaɗa kai kamar shi ya rubuta.

Ba a dafa zuma. Ba a zuba ta a jarkar da ta taɓa ganin mai. Duk mai shiga ɗakin tacewa sai da safar hannu da hula da shaidar likita. Sannan duk gidan ƙudan zuma da ke filinmu dole ya zama akwatin katako, wanda ake buɗewa a duba cuta. Kin ga amyoyin Baba na ciyawa da kashin shanu sun shiga uku, tunda amya ba a buɗe ta sai an ɓarke ta.

Baba kuwa kin san shi. Shekaranjiya ya shigo ɗakin tacewa da tarinsa, ya tsoma yatsa a bokiti, ya lashe, ya sake tsomawa, ya ce wannan ta furen mangwaro ce, a ɗibar wa jikokinsa. Manaja ya sa aka zubar da bokitin a gabansa, ya ce, "Baba, nan fa kamfani ne, ba tsakar gida ba." Baba ya dubi bangon da ya gina da hannunsa, ya fita yana goge yatsa a riga.

Jami'ar da masu sayen za su turo ta duba mu tana tafe. Ki taimaka ki gayyaci Baba ya ɗan kwana biyu wurinki. Ki ce yara ne ke kewarsa, kuma ki tabbata sun yi kamar gaske.

Ki gaida kowa.

Yayarki,
Mai Tabarau

Auta,

Ina gaishe ki, ya gida, ya hidimar baƙo? Na ji Baba ya isa lafiya, Allah ya saka miki.

Kin tambayi dalilin sabuwar rigar da ya zo da ita. Masu sayen ne suka nemi hoton da za a manna a jikin kwalba. Akwatuna ba su burge su ba, tsoho suke so, da amya a kan bishiya. Sai aka yi wa Baba aski, aka saka masa sabuwar riga, aka tsayar da shi a gindin bishiyarsa. Ya ƙi murmushi. Mai hoto ya yi barkwanci har ya gaji. Da Manaja ya dafa kafaɗarsa ya rantse ba wanda zai taɓa masa amya ko ɗaya, sai Baba ya washe baki, har giɓinsa ya fito. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Masu sayen sun ce fuskar mai gaskiya ce.

Motar da ta ɗauki Baba na fita ma'aikata suka hau bishiya. Na ce a juye ƙudan a akwati, Manaja ya ce babu lokaci, kuma na Baba masifaffu ne irin mai su, kada su harbi jami'a. Suka toshe bakin amyoyin da tsumma, suka sauko da su da igiya. Ba a ƙone su a filin ba, don sharaɗi ya hana warin fetur kusa da akwatuna, kuma ni na tuna musu. Can bayan rafi aka kai su. Ban san ƙudan zuma na da murya haka ba sai da wuta ta kama. Matar Manaja ta ce kash, ina ma an fara cire saƙar, ga kaki na tsada.

Kada ki faɗa masa. Ki riƙa ba shi maganin tarinsa a kan lokaci.

Taki,
Mai Tabarau

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki taya mu murna, mun ci.

Jami'ar mace ce mai fara'a. Ta leƙa akwatuna, ta shafa teburin tacewa da farin ƙyalle, ta ɗebi zuma a 'yan kwalabe. Abu ɗaya ta ƙi: wurin ajiyarmu yana shan rana, zafi kuma na ɓata zuma. Ta ce a nemo ɗaki mai sanyi, mai ƙofa ɗaya, wanda ba kowa ke shiga ba. Manaja bai ko yi tunani ba, ya kai ta ɗakin Baba. Ta taɓa bango, ta yaba kaurinsa, ta tambaya ko akwai mai kwana a ciki. Ya ce da can dai.

Jiya Baba ya kira shi a waya, ina zaune. Ya ce itatuwa sun fara fure, a leƙa masa amyar da ke reshen sama, igiyarta ta tsufa. Manaja ya ce, "Kwantar da hankalinka, tsoho, an sauke maka nauyinta." Ya kashe wayar, ya tambaye ni ko ya yi ƙarya. Na ce a'a, a ƙa'idance bai yi ba.

Na san gidanki ɗaki biyu ne, kuma mai gidanki ya fara tambayar yaushe ne tafiya. Amma ke ce 'yar lelen Baba, kin sha faɗa mana. Gobe direba zai kawo miki akwatin kayansa da katifa da rediyo. Ki sa a shigar da su ta baya, kada ya gani. In ya tambayi ranar komawa, ki ce ana yi wa ɗakinsa fenti. Gaskiya ce, ana yi, fari tas. Abin da za ki ce masa in fentin ya bushe kuma, ki fara tunaninsa tun yanzu.

Ki shafa mini kan yara.

Yayarki,
Mai Tabarau